Daga Abingdon Zuwa Arlit: Tsofaffin Motocin Ingila Da Hannayen Da Suka Raya Su

A ƙasar Ingila akwai mutane da yawa, galibinsu dattawa, da ke ajiye tsohuwar mota a gida suna gyaran ta da hannunsu ranakun Asabar da Lahadi. Motocin ƙanana ne masu kujera biyu, waɗanda aka ƙera don gudu da nishaɗi, irin su MG, Triumph, Austin-Healey da Jaguar E-Type. An daina ƙera su fiye da shekara 40, amma har gobe suna bisa titi. Irin wannan mota ba ta Arlit ba ce, domin cikinta dab yake da ƙasa, ko ƙofar gari ba za ta wuce ba yashi zai riƙe ta. Sai dai tana da 'yar'uwa da ta san Abzin ciki da waje, wato Land Rover. Su biyun gida ɗaya suka fito, kuma dukansu sun daɗe ne saboda an sami masu gyara. Bambancin yana ga yadda kowane ɓangare ya adana ilimin gyaran, kuma a nan ne darasin yake ga iyaye da malamai na garuruwan yuraniyom.

Motar da aka haifa cikin rashi

An nuna Land Rover ga jama'a karon farko ranar 30 ga Afrilu 1948 a birnin Amsterdam. Wasu 'yan'uwa biyu ne, Maurice Wilks da Spencer Wilks, na kamfanin Rover da ke Solihull, suka fito da ita don manoma. Lokacin an fito daga Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Ingila tana raba wa masana'antu baƙin ƙarfe da awo, shi ya sa suka yi jikin motar da alminiyam, suka bar ƙarfe ga shasi. Jikin shimfiɗaɗɗe ne ba lanƙwasa, an haɗa shi da kusoshi, ana iya kwance shi gunduwa-gunduwa. Rashi ne ya tilasta wannan sauƙi, kuma sauƙin ne ya kai motar inda babu kanti babu injiniya.

Samfuri na biyu ya fito a 1958, aka ɗan gyara shi a 1961, sai na uku a 1971, wanda aka ci gaba da ƙerawa har 1985. Akwai gajera mai tazarar inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, akwai doguwa mai inci 109. Injin da aka fi sani shi ne mai silinda huɗu, lita 2.25.

A can garin Abingdon kuwa, kusa da Oxford, kamfanin MG ya fara ƙera MGB a 1962, ya yi fiye da guda rabin miliyan kafin a rufe masana'antar a 1980. A 1968 aka haɗa MG, Triumph, Jaguar, Austin, Morris da Rover cikin kamfani ɗaya mai suna British Leyland. Kayan wutarsu yawanci na kamfanin Lucas ne. Injin Rover mai silinda takwas, lita 3.5, wanda aka sa wa Range Rover a 1970, shi ne aka sa wa wani samfurin MGB a 1973. Saboda haka bakaniken Agadas da ya taɓa kwance injin Range Rover, ko da bai taɓa ganin motar tseren Ingila da idonsa ba, ya riga ya san zuciyarta.

Garin da aka gina don dutse

Faransawa masu binciken ma'adinai sun gano yuraniyom a Azelik a 1957, suka ci gaba da tono a yammacin duwatsun Abzin. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka kafa garin Arlit a 1969, aka fara fitar da yuraniyom a 1971. An kafa COMINAK a 1974 da hannun jarin Nijar, Faransa, Japan da Sifen, ya fara aiki a Akuta a 1978, ramin da ya kai zurfin mita 250, aka gina wa ma'aikatansa garin Akokan. Wutar da suke aiki da ita daga gawayin SONICHAR take zuwa, kusa da Cirozerin.

A shekarun farko babu kwalta. Daga Agadas zuwa Arlit kimanin kilomita 240 ne na duwatsu, ƙorama busassa da gargada. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa hanyar yuraniyom daga Tawa ta Agadas zuwa Arlit, fiye da kilomita 600, wadda manyan motoci suka riƙa bi da kaya har Paraku a Benin, daga nan jirgin ƙasa ya kai su Kwatano. Duk abin da garin ke ci, daga gero zuwa siminti, a bisa taya yake zuwa. Garin da ke rayuwa bisa taya kuwa, bakanike ne sarkinsa.

Manyan kaya aikin Berliet ne, motar Faransa. Inda akwai hanya mai kyau Peugeot ce ke tashe. Amma shiga daji, inda babu hanya, a shekarun 1960 da 1970 aikin Land Rover ne a kusan duk faɗin Sahara, ko a ƙasashen da Faransa ta mulka. Ita ke ɗaukar mai binciken dutse, da jami'in gwamnati, da malamin dabbobi, da baƙon da ya zo ganin Timiya ko Iferwan.

Makarantar da hanya ta buɗe

Ta arewa, hanyar da ta taso daga Tamanrasset a Aljeriya ta bi In Gezzam ta shigo Nijar ta Asamaka, daga nan kimanin kilomita 200 sai Arlit. Ga wanda ya keto hamada, Arlit ne gari na farko da zai sami walda, fetur da ruwan sanyi. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sun riƙa sayen tsofaffin Peugeot 404 da 504, da Land Rover, su keto da su don sayarwa a Arlit, Agadas, Yamai ko gaba. Wasu motocin sun mutu a yashin Lawuni, kudu da Tamanrasset. Waɗanda suka iso, sun iso da sifirin a karye, lagireto na yoyo, kuloci ya ƙone. Kowace mota da ta shigo gareji darasi ce, wadda ta gagara gyara kuma ta zama rumbun kayan gyara.

Gasar Paris zuwa Dakar ma ta nan ta fara bi. Wadda Thierry Sabine ya shirya karon farko ta tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ta ratsa Tamanrasset, Arlit da Agadas kafin ta nufi Yamai da Gawo. A ɓangaren motoci Range Rover ce ta zo ta ɗaya, Alain Génestier na ciki. A 1981 René Metge ya sake cin gasar da Range Rover. 

Kamfanonin ma'adinai suna da garejinsu masu tsari, inda ake gyaran manyan injinan tono, kuma makarantar ma'adinai ta EMAÏR da ke Agadas ta horar da ƙwararru. A wajen katangar kamfani kuma akwai garejin bakin hanya, inda maigida ke zaune ƙarƙashin rumfar kwano da yaransa. Hausawa daga Tawa, Maraɗi da Damagaram, Buzaye, Zabarmawa, da baƙi daga Benin, Togo da Najeriya duk sun haɗu a nan. Sunan da aka laƙaba wa garin a lokacin, Paris ta biyu, shi ne Idrissou Mora-Kpai ya sa wa fim ɗinsa na 2005 a kan Arlit.

Abin da gareji ya sani

A Ingila babban abokin gabar tsohuwar mota tsatsa ce. Ruwan sama da gishirin da ake watsa wa titi lokacin sanyi su ke cinye ƙasan MGB, har mai ita ya ɓata shekara yana yankewa yana liƙawa. A Arlit ruwan shekara bai taka kara ya karya ba, tsatsa ba ta da ƙarfi. Masu kashe mota a nan uku ne: ƙura, zafi da gargada. Kuma Land Rover ta dā ta zo da amsar kowanne cikin sauƙi.

Matatar iskarta tukunya ce mai baƙin mai a ciki. Ƙura ta shiga ta nutse a man, a zubar, a wanke da fetur, a zuba sabo, ba sai an sayi komai ba. In batir ya mutu, akwai ƙarfen da ake zura wa ta gaba a murɗa inji da hannu. Sifirin ɗinta falle-falle ne, in ɗaya ya karye maƙeri na iya yanko wani daga na babbar mota. Jikinta in ya lotsa guduma ce magani. Raunin da kowa ya san ta da shi shi ne sandar da ke juya tayar baya, wadda kan tsinke in an matsa mata cikin yashi da kaya mai nauyi. Direban kirki yakan tafi da wata, in kuma babu, ya san yadda zai zare karyayyar, ya danna maɓalli mai ruwan ɗorawa da ke haɗa tayoyin gaba, ya lallaɓo gida da su kaɗai.

Akwai kuma matsalar awo. Motocin Faransa da na Japan da milimita ake auna notinsu, na Ingila na dā kuwa da inci. Rabin inci milimita 12.7 ne, saboda haka sifana lamba 13 tana shiga amma da ɗan sako-sako, in aka matsa sai ta cinye kan noti. Noti mai inci 9 bisa 16 milimita 14.3 ne, lamba 14 ba ta shiga, lamba 15 ta yi yawa. Maigidan da ya san wannan yakan ware sifanun inci ya ɓoye su kamar zinariya. Tazarar bawul a injin lita 2.25 kashi 10 cikin 1000 ne na inci, wato kusan rubu'in milimita. Tazarar kwantak a cikin na'urar rarraba wuta ta Lucas kusan milimita 0.4 ce. Wuta na bin buji, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira fulogi, a jere 1, 3, 4, 2. Da yawa daga cikin tsofaffin kanikawa ba su taɓa karanta waɗannan lambobi a takarda ba. Da kunne da yatsa suke daidaita su, kuma injin ya tashi.

Abin da Ingila ta yi wanda ba mu yi ba

A 1965 wani jami'in sojan saman Ingila mai suna John Haynes yana aiki a Aden. Abokin aikinsa ya nemi ya taya shi gyaran wata ƙaramar mota, Austin-Healey Sprite. Haynes ya lura littafin kamfani an rubuta shi ne don ƙwararru, mai mota ba zai gane ba. Sai ya kwance motar ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaukar hoton kowane mataki yana rubuta bayani. Littafin ya fito a 1966, kuma daga shi aka yi ɗaruruwan littattafai irinsa, har da na MGB da na Land Rover. Da wannan littafi malamin makaranta ko akawu ke iya sauke giya a gidansa.

Ba su tsaya nan ba. Masu motocin sun kafa ƙungiyoyi, ta MG tun 1930, suna buga mujallu suna musayar dabaru. An adana injinan da aka buga jikin MGB da su, har a 1988 kamfanin British Motor Heritage ya koma buga sabon jiki don tsofaffin motoci. Yau sunan MG na hannun wani kamfanin Sin, Land Rover na hannun Tata na Indiya tun 2008, an daina ƙera tsohuwar Defender a Janairun 2016, amma mai MGB ta 1965 na iya yin odar kusan kowane ƙarfe nata a kawo masa gida.

Kanikawan Abzin sun fi waɗannan Turawa wahala, kuma a wasu fannoni sun fi su dabara, domin su rai ne ke hannunsu. Motar da ta mutu tsakanin Arlit da Asamaka cikin bazara maganar ruwan sha ce, ba ta nishaɗi ba. Amma iliminsu yana ka ne da hannu. Maigida ya koya wa yaro, yaro ya koya wa nasa. Duk ranar da sarƙar ta tsinke, abin da aka tara a shekara 30 ya bi mai shi kabari.

Da kasuwa ta juya

Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bayan hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, kuma kamfanoni suka rage ma'aikata. A daidai lokacin British Leyland ta shiga rikicin yajin aiki da rashin inganci, kayan gyara suka yi wuyar samu a Afirka. Toyota ta shigo da Land Cruiser da Hilux, masu ƙarfin sanda, masu jure kaya, ga kayan gyara a kasuwa. Samfurin Land Cruiser na 1984 da injin dizal mai silinda shida da ya biyo baya a 1990 su suka ƙwace hamada. Yaƙin Cadi da Libiya na 1987 har sunan Toyota aka sa masa.

Tawayen da ya fara a 1990 ya kai har yarjejeniyar Afrilun 1995, da rikicin Aljeriya da ya ɓarke a 1992, sun rufe hanyar masu kawo motoci daga Turai. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk ƙarfen da ake shigowa da shi ya ninka kuɗi. Wannan ya ƙara wa gyara daraja, domin abin da ba a iya saye dole a ƙera shi ko a liƙa shi. Tsofaffin Land Rover suka koma jigilar ruwa, itace da 'yan kasuwar ƙauye, wasu da injin da ba nasu ba a ciki. Kanikawan da suka ƙware a kanta suka juya ga Toyota ba tare da wata wahala ba, saboda tushen aikin ɗaya ne. Da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarakaten a 2014, su da yaransu ne suka riƙe motocin da ke kai mutane da ruwa.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, bayan shekara 43 yana tono. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, da waɗanda ke ci a ƙarƙashinsu. Dutse yana ƙarewa, kamfani yana naɗe tabarmarsa. Wanda ya fito da sana'ar walda, wuta ko gyaran inji ya fito da abin da zai ci a Agadas, Tawa ko Kano. Hausawa sun ce sana'a goma maganin mai gasa, kuma Akokan ta ga gaskiyar wannan da idonta.

Ƙarfen da ba a gane shi da ido

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da bai kamata a ɓoye wa iyaye ba. A garin da ƙarfe ke da tsada, tsohon ƙarfen kamfani dukiya ne. Bututu, faranti da ganguna sun riƙa fitowa kasuwa, maƙera da masu walda na mayar da su tukwane, ƙofofi da kayan gyara. A Disamban 2003 cibiyar CRIIRAD ta Faransa ta zo Arlit tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta garin, sannan Greenpeace ta zo a Nuwamban 2009. Dukansu sun ba da rahoton samun tsofaffin ƙarafa masu tururin nukiliya ana sayar da su a kasuwa. Wannan guba ba ta da wari, ba ta da launi, kunne da yatsan maigida ba sa jin ta. Na'ura ce kaɗai ke nuna ta, kuma sai wanda ya yi karatu ke fahimtar abin da na'urar ta faɗa. A nan ne ilimin hannu ya kai iyakarsa. Uban da zai kai ɗansa gareji ko maƙera a Arlit da Akokan yana da haƙƙin tambayar maigida daga ina ƙarfensa ke fitowa.

Ga iyaye da malamai

Al'adarmu ita ce yaron da lakwal ta kora shi ake kai wa gareji, kamar horo. A zamanin Land Rover wannan ya yi aiki, domin motar tana magana da kunne. Motocin da ke shigowa yanzu suna da kwamfuta a ciki, ana jona masu na'ura su fitar da lamba, lambar kuma sai an duba ma'anarta a rubuce da Faransanci ko Ingilishi. Famfon ruwa mai aiki da hasken rana da janareto na zamani duk haka suke. Yaron da ya bar aji bai iya karatu da lissafi ba zai ƙare yana wankin ƙarfe, wani na karɓar kuɗin.

Saboda haka kada uba ya cire yaro daga aji don gareji. Ya bar shi ya haɗa biyun, gareji ranar hutu da lokacin babban hutu, aji sauran ranaku. In ya kai munzali akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM, akwai makarantun fasaha irin Dan Kassawa ta Maraɗi, akwai EMAÏR a Agadas. 'Ya'ya mata ma ba abin da ya hana su aikin wuta da na'urar bincike, wanda ba ya neman ƙarfin damtse.

Mu malamai kuma muna da aiki mai sauƙi da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Darasin kaso da ɗigo yana cikin akwatin sifana: a kawo noti da sifanu aji, a sa yara su mayar da inci 9 bisa 16 milimita, su faɗi dalilin da lamba 14 ta ƙi shiga. A sa su lissafa inci 109 mita nawa ne. Darasin zafi da kumburin ƙarfe yana cikin tazarar bawul. Darasin rubutu kuma shi ne mafi muhimmanci. A tura 'yan kwaleji gun tsofaffin kanikawan unguwa, su gaishe su da ladabi, su ce "Baba, mun zo ka koya mana", su tambayi yadda ake zare karyayyar sanda a daji, yadda ake tsayar da yoyon lagireto, yadda ake gane ciwon inji da sauti. Su rubuta da Hausa ko Tamajak, su ɗauki hoto da waya mataki-mataki. Abin da Haynes ya yi a Aden ke nan, ba ƙari. Aji ɗaya, tsoho ɗaya, littafi ɗaya a shekara.

Waɗanda suka kama sifana suna samari lokacin da aka buɗe Akuta a 1978, yau sun haura shekara 60. Suna nan a Arlit, Akokan da Agadas, wasu na zaune bakin garejin da 'ya'yansu ke riƙe da shi. A bana ana iya tambayar su. Allah ya ƙara masu lafiya, ya ba mu ikon rubuta abin da suka sani tun suna tare da mu.